Ƙarin Zubi Ba Ƙarin Girma Ba Ne: Magana Ga Masu Koyon Kartar Intanet

Wayar matashin Arewa ta ga abubuwa a 'yan shekarun nan. Ta ga MMM da ta kulle kuɗin mutane a Disambar 2016. Ta ga zamanin danna allo na Hamster Kombat a 2024, lokacin da ko a teburin mai shayi sai ka ga yatsu suna ta bugun gilashi kamar ana tsintar shinkafa. Ta ga CBEX da ta rushe a Afrilun 2025. Cacar ƙwallo da ta jirgin nan mai tashi ya ɓace kuwa, su dama 'yan gida ne. Yanzu ga wani sabon baƙo yana leƙowa ta TikTok da YouTube da zaurukan Telegram: kartar Turawa da ake kira poka, musamman irin wadda mutum biyu kacal ke yi gaba-da-gaba, kai da wani da ba ka taɓa gani ba, kuɗi a tsakiya.

Har yanzu ba ta kai cacar ƙwallo yaɗuwa a Birnin Kebbi ko Argungu ba, shi ya sa ma ya kamata a yi maganarta tun yanzu. Ita wannan kartar ba mai jiran sa'a take nema ba. Yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa take nema, wanda ke cin lissafi a aji, wanda ke raina masu yankar tikitin ƙwallo yana ce musu ba su da dabara. In ka yi masa magana a majalisa, ko a Nasarawa ko a Badariya ko a Gesse, amsarsa a shirye take: “Wagga ba caca ba ta, aikin ƙwaƙwalwa na.”

Da shi nake son magana yau, kuma da harshen da ya fi yarda da shi, wato lissafi.

Tsanin da ake nuna maka

Ga wanda bai san wasan ba, a taƙaice haka yake. Ana ba kowa kati biyu a ɓoye, sai a riƙa buɗe wasu guda biyar a tsakiya daki-daki. A kowane mataki kana iya zuba kuɗi, ko ka biya abin da abokin karawarka ya zuba, ko ka ajiye katinka ka haƙura. Ana cin kuɗin ta hanya biyu: ko katinka ya fi nasa, ko ka yi masa burga har ya tsorata ya ajiye nasa.

Masu koyarwa a bidiyo suna zana maka wasan kamar tsani. Ka fara daga ƙaramin tebur inda ake shiga da dala 2. In ka “ƙware” ka koma na dala 5, daga nan 10, 25, 50, 100, har sama. Kowane hawa suna kiransa ci gaba, kamar ɗalibin da ya tashi daga aji ɗaya zuwa aji biyu. Suna da darussa, suna da jadawalin katin da za ka shiga da shi, suna da manhajar da ke duba kurakuranka. Komai an yi masa kama da makaranta.

Ra'ayina shi ne, wannan tsanin shi ne tarkon. Abin da ake kira ƙarin girma a teburin karta, a littafin likitocin ƙwaƙwalwa sunansa alamar cuta. Zan zo kan wannan, amma bari mu fara da hujjar da masu wasan suka fi ji da ita.

Eh, akwai gwaninta

Gaskiya ɗaya ce, poka ba irin jefa kwabo sama ba ce. Wanda ya san lissafin yiwuwar fitowar kati, ya iya karanta ɗabi'ar abokin karawarsa, ya iya danne fushi, zai fi wanda bai sani ba idan aka daɗe ana yi. Duk wanda ya ce maka babu basira a ciki sam, bai san wasan ba, kuma yaron da ya san wasan zai daina saurarensa nan take.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: gwanintar tana isa ta fitar da kai da riba, kai ɗin nan da ke zaune a ɗakin haya da kuɗin makaranta a asusunka? Akwai katanga uku tsakaninka da ribar, kuma babu mai koyarwa da ke son daɗewa a kansu.

Katanga ta farko: la'adar mai gida

Kamfanin da ya shimfiɗa teburin ba ya wasa da kowa. Shi dai yana cirar la'ada daga kuɗin da aka tara a tsakiya, galibi wajen kashi 5 cikin ɗari, har zuwa wani iyaka. Kashi 5 kamar ba komai ba, ko? To mu buga.

A ce kai da wani kun zauna, kowa ya zo da naira 10,000, ƙarfinku ɗaya. A ce a kowane zagaye kuɗin tsakiya yana kai naira 1,000. La'adar mai gida naira 50 ke nan. Wasan mutum biyu a intanet yana da sauri ƙwarai, babu jiran a raba kati da hannu. In kuka yi zagaye 400 irin wannan, mai gida ya kwashe naira 20,000. Wato duk abin da ku biyun kuka zo da shi ya koma aljihun wanda ko kati bai taɓa ba.

A teburin mutum shida ko tara, kana iya ajiye kati sau da yawa ka zauna kana kallo. A na gaba-da-gaba kusan kowane zagaye da kai ake yi, don haka la'adar tana cizonka kusan kowane minti. Kuma a ƙananan tebura, inda talaka ke farawa, nan ta fi ciwo, domin kuɗin tsakiya ba ya kaiwa iyakar da ake daina cira. Ma'ana fin abokin karawarka bai isa ba. Sai ka fi shi da tazarar da za ta biya mai gida tukuna, abin da ya rage shi ne naka.

Katanga ta biyu: ba za ka san ko ka iya ba

Wannan ita ce ta fi ruɗar masu kaifin kai. Yaro ya yi sati biyu yana ci, sai ya ce ya gane wasan, lokacin hawa tebur na gaba ya yi. Amma sati biyu ba ya nuna komai, kuma ga hujja daga masana da kansu.

A 2015, masu bincike na Jami'ar Carnegie Mellon da ke Amurka sun haɗa wata manhaja mai suna Claudico da ƙwararrun 'yan poka huɗu a birnin Pittsburgh. An buga zagaye 80,000, gaba-da-gaba. Mutanen sun ƙare suna gaba da sama da dala 700,000 na kuɗin wasa. Duk da haka masu binciken suka ce a ma'aunin ƙididdiga tazarar ba ta isa a tabbatar da wanda ya fi wani ba. Ka ji fa, zagaye dubu tamanin. Shi ya sa da za a sake karawar a 2017 aka ƙara adadin zuwa 120,000.

To kai da ka buga zagaye dubu biyu cikin dare goma, da me ka auna kanka? In aka ɗauki alƙaluman da 'yan wasan da kansu ke aiki da su, ɗan wasa mai rauni kaɗan, wanda tabbas asara zai yi a ƙarshe, yana iya samun kansa da riba bayan zagaye 10,000 kusan sau ɗaya cikin uku. Haka shi ma gwani na gaske yana iya samun kansa cikin asara bayan wannan adadin. Sa'a tana sa wa mutum rigar gwaninta ta bar shi ya yi yawo da ita wata da watanni, sai ranar da ya hau babban tebur ta zo ta karɓi kayanta.

Masu koyarwar sun san da haka. Shi ya sa suke ba da shawarar kada ka zauna a tebur sai kana da ajiyar da ta ninka kuɗin shigarsa sau 30 zuwa 50, kuɗin da ko sun ƙone ba za ka rasa abinci ba. Mu ɗauki teburin dala 10. Ninki 50 dala 500 ke nan. In dala tana naira 1,500, ana maganar naira 750,000. Mafi ƙarancin albashi a Jihar Kebbi naira 75,000 ne, wato albashin wata goma cur. Ɗalibin da ke karɓar naira 20,000 a wata daga asusun lamunin karatu na NELFUND sai ya tara na sama da shekara uku bai ci ko ƙosai ba. Kuma wannan teburin yana can ƙasan tsanin. Duk wanda ke wasa ba da irin wannan ajiyar ba, ko a ƙa'idar su masu wasan, caca tsagwaronta yake yi.

Katanga ta uku: wa ke zaune a wancan gefen?

'Yan poka suna da sunan da suke kiran ɗan wasa mai rauni. Kifi suke ce masa. Mu mutanen Kabi mun san kifi. Mun san yadda dubban masunta ke rugawa cikin Matan Fada da homa da gora ranar bikin kamun kifi na Argungu, bikin da ake yi tun 1934. Kowa yana shiga ruwan ne da fatan ya fito da giwan ruwa. Bambancin shi ne, a Matan Fada ka san kai ne masunci. A teburin intanet kana shiga da tunanin kai ne mai homa, alhali tun kafin ka zauna wani ya riga ya auna nauyinka.

A wasan gaba-da-gaba, ƙwararru ba su cika son karawa da juna ba, don sun san la'ada ce za ta cinye su duka. Zama suke yi suna jiran baƙon suna. In suka ga ka iya, su tashi. In suka ga ba ka iya ba, su riƙe ka har asuba. Kowane mataki da ka hau, kifaye suna raguwa, masu homa suna ƙaruwa.

Wannan ma in mutum ne ke nan. A Janairun 2015, masu bincike na Jami'ar Alberta a Kanada suka sanar a mujallar Science cewa manhajarsu Cepheus ta warware wani nau'in poka na mutum biyu, irin wanda ake ƙayyade zubi, ta yadda ko mutum ya ƙare rayuwarsa yana karawa da ita ba zai nuna ya fi ta ba. A Janairun 2017, manhajar Libratus da Farfesa Tuomas Sandholm da ɗalibinsa Noam Brown suka ƙirƙira ta kara da ƙwararru huɗu na duniya a nau'in da ba a ƙayyade zubi. Kwana 20 aka yi, zagaye 120,000, ta doke su duka da tazarar sama da dala miliyan 1.7 na kuɗin wasa. A 2019 wata mai suna Pluribus ta yi nasara a teburin mutum shida.

Shekaru sun wuce tun lokacin. Yau manhajojin da ke gaya wa mutum abin da zai yi da kowane kati ana sayar da su ga duk mai so. Manyan kamfanonin poka suna haramta amfani da su yayin wasa, suna rufe asusun waɗanda suka kama, wanda hakan kansa shaida ce cewa ana yi. Kai da ke riƙe da waya ɗaya da caji kashi 20, ta ina za ka gane ko wancan sunan mutum ne, ko mutum ne da kwamfuta ta biyu a gefensa?

Waɗanda suka kai ƙarshen tsanin

Duk mai tallar poka yana da labari ɗaya da yake ji da shi. A 2003 wani akanta ɗan Amurka, Chris Moneymaker, ya shiga gasa a intanet da ƙasa da dala 100, ya samu gurbi a babbar gasar duniya ta Las Vegas, ya lashe dala miliyan 2.5. Labarin gaskiya ne, kuma shi ya ja miliyoyin mutane cikin wasan. Mu da ke karanta aikin jarida, abu na farko da ake koya mana game da talla shi ne ka tambayi wanda ba a nuna ba. Mutum 839 ne suka shiga waccan gasar, ɗaya ake ba ka labarinsa.

Ga labaran da ba a sa wa kiɗa a TikTok.

A ƙarshen 2009 wani matashi ɗan Suwidin mai shekara 19, Viktor Blom, ya bayyana a manyan teburan intanet da sunan Isildur1. Shi ne ainihin mafarkin mai hawa tsani: ya taso daga ƙananan tebura ya kai ƙololuwa, yana karawa gaba-da-gaba da manyan duniya, cikin 'yan makonni ya tara miliyoyin daloli. A ranar 8 ga Disambar 2009, a zama ɗaya na 'yan sa'o'i, wani ɗalibi ɗan Amurka mai suna Brian Hastings ya cinye masa kusan dala miliyan 4.2. Daga baya ta fito cewa Hastings ya amfana da nazarin da abokansa suka yi kan dubban zagayen da Blom ya taɓa bugawa. Shi yana ganin da mutum ɗaya yake karawa, ashe da taro ne.

Kafin shi akwai Stu Ungar, wanda da yawa ke ɗauka a matsayin ɗan kartar da ya fi kowa baiwa a tarihi. Sau uku ya lashe babbar gasar duniya, a 1980 da 1981 da 1997. A ta ƙarshen dala miliyan ɗaya ya ci. A Nuwamban 1998 aka tsinci gawarsa a wani ƙaramin masauki a Las Vegas, yana da shekara 45, dukiyar ta tafi a caca da ƙwaya. Sai da abokai suka yi karo-karo aka yi masa jana'iza.

Ko ka ci ma, karɓar kuɗin wani yaƙin ne. A ranar 15 ga Afrilun 2011 hukumomin Amurka suka rufe manyan shafukan poka uku. Da aka buɗe littafin ɗaya daga cikinsu, Full Tilt Poker, sai aka ga 'yan wasa suna binsa kusan dala miliyan 390, abin da ke asusunsa kuwa wajen miliyan 60 ne. 'Yan Amurka da ke da kotu da lauyoyi sai da suka yi shekaru suna jiran kuɗinsu. Kai da ka tura kuɗi ta hannun wani dillali a Telegram zuwa shafin da ko ƙasar da yake ba ka sani ba, ranar da ya rufe, ofishin wa za ka je?

Abin da likita ke kiran tsanin

Tun 2013, littafin da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ke amfani da shi wajen gane cututtuka ya sa jarabar caca a rukuni ɗaya da jarabar giya da ƙwaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta amince da ita a matsayin cuta. Littafin ya jera alamomi tara, wanda ya haɗa huɗu cikin shekara guda ana ɗaukarsa mai ciwon.

Alama ta farko a jerin ita ce mutum ya riƙa buƙatar ƙara yawan kuɗin da yake zubawa kafin ya ji daɗin da yake ji a da. Ka sake karanta wannan. Abin da mai koyarwa ke ce maka ci gaba ne, shi likita ya sa a lamba ɗaya. Kamar mai shan maganin tari ne da ya fara da rabin kwalba, yau biyu ba ta isarsa. Babu wanda zai ce masa ya samu ƙarin girma.

Sauran alamomin ma duk wanda ya zauna da ɗan caca ya san su: komawa washegari don a ramo abin da aka rasa, ɓoye wa iyali gaskiyar abin da ake yi, yunƙurin dainawa a kasa, ƙunci da saurin fushi in an yi kwana biyu ba a yi ba, tunanin wasan ko ana cikin aji, dogaro da wasu su fitar da kai daga bashi. Poka tana da wata illa ta daban a nan. Mai cacar ƙwallo in ya yi asara yakan ce ba sa'a. Mai poka in ya yi asara sai ya ce karatu ne bai isa ba, ya sayi wani darasin, ya koma. Wasan ya ba shi hujja mai kama da hankali ta ci gaba da zubawa.

Daga nan hanyar sananniya ce. Kuɗin rajista ya tafi, sai a ce wa Baba makaranta ta ƙara kuɗi. Sai rancen manhaja, irin masu tura wa duk lambobin wayarka saƙon cin mutunci in ka makara. Sai wayar ƙanwa, sai buhun shinkafar da aka ajiye don iri. Garin neman gira a rasa ido.

Maganar addini

Wasu suna cewa tunda akwai basira a ciki, hukuncin caca bai hau kansa ba. Wannan magana ba ta da ƙafa. Dara wasan basira ce zalla, babu kati babu sa'a, dattawanmu suna yin ta a gindin bishiya tun kafin a haife mu. Amma ranar da mutum biyu suka ajiye kuɗi a kanta, wanda ya ci ya kwashe na ɗan'uwansa, kowane malami a garin nan zai ce maka ta zama caca. Aya ta 219 a Suratul Baƙara ba ta musanta cewa ana samun wani amfani a caca ba, sai dai ta bayyana cewa zunubin ya rinjayi amfanin. Ayoyi na 90 da 91 a Suratul Ma'ida suka haɗa ta da giya, suka ambaci gaba da ƙiyayya da shagala daga salla. Duk wanda ya taɓa ganin mai wasa ya kai asuba ido jawur, ladan yana kira shi yana cewa saura zagaye ɗaya, ba ya buƙatar dogon tafsiri.

Kuma ka tuna daga ina ribar take fitowa. Manomin shinkafa a fadamar Argungu in ya samu riba, buhu ya ƙaru a duniya, injinan casa na WACOT da Labana sun samu aiki, wani ya ci abinci. Ribar teburin karta kuwa asarar wani ce, ƙila wani ɗalibi irinka a wata ƙasar, wanda shi ma kuɗin makarantarsa ne.

Rufe shago ba ya rufe waya

Kebbi tana cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun shekara ta 2000, kuma caca haramun ce a ƙarƙashinta. A Kano, Hisba ta rufe shagunan cacar ƙwallo 30 a Oktoban 2024. A Nuwamban shekarar kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar caca ta tarayya ta 2005 ba ta da hurumi a jihohi, kowace jiha ita ke da ikon tsara nata. Wato yanzu ƙwallon tana ragar majalisar dokokinmu.

Sai dai gidan cacar yau ba shi da ƙofar da za a sa wa kwaɗo. Yana cikin aljihu, yana buɗe ƙarfe uku na dare, a ɗakin kwanan ɗalibai a Kalgo ko Aliero, ko a ɗakin samari a cikin gari. Don haka in za a yi doka, a fara da masu talla. Yawancin masu raba maka mahaɗin rajista da lambar garaɓasa ba don Allah suke yi ba. Kamfanoni suna biyansu ne ko dai kan kowane mutum da suka kawo, ko kuma wani kaso na abin da mutumin ya zubar. Mai bidiyon nan da ke kiranka “ɗan'uwa” yana nuna maka alat, abincinsa yana cikin asararka. Ya kamata mu daina yaɗa bidiyonsu, mu daina ba su lambar yabo a taruka, mu riƙa tambayarsu a fili nawa ake biyansu.

Makarantunmu ma suna da aiki. Ana yi wa sababbin ɗalibai lacca kan ƙungiyoyin asiri da shaye-shaye da satar jarrabawa, a ƙara da caca, kuma a kawo malamin lissafi ya buga musu alƙaluman a allo. Malamanmu na masallaci su ma su san sunayen abubuwan nan, domin yaron da aka yi wa wa'azin kartar gindin bishiya yana ganin ba da shi ake ba.

Ga wanda ya riga ya shiga

In kana karanta wannan kana jin kamar da kai ake, ga abin da zan ce maka a matsayin ɗan'uwa. Kuɗin da suka tafi sun tafi, kada ka bi su. Neman ramuwa shi ke mayar da asarar dubu ashirin ta zama ta dubu ɗari biyu. Ka zauna ka rubuta duk abin da ka zuba da duk abin da ka cira tun ranar farko, daga bayanan bankinka, ba daga ƙwaƙwalwarka ba, domin ita ranakun ci kawai take riƙewa. Ka rufe asusun gaba ɗaya, goge manhaja kaɗai ba ya isa. Ka fita daga zaurukan. Ka faɗa wa mutum ɗaya da kake jin nauyinsa, yaya ko kawu ko malami, ka bar shi ya riƙe maka kuɗin makaranta har zuwa wani lokaci. In abin ya kai ga rashin barci, ko baƙin cikin da ba ya tafiya, ko tunanin cutar da kanka, ka ga likita ba tare da jinkiri ba. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, kusa da Sakkwato, kuma zuwa can ba hauka ba ne.

Ƙwaƙwalwar da ta iya riƙe jadawalin kati, ta iya lissafin yiwuwa cikin daƙiƙa biyar, ta iya zama awa shida a gaban allo, ƙwaƙwalwa ce mai tsada. Ita ake nema a nazarin alƙaluma da rubuta manhaja da lissafin kasuwanci. A waɗannan fagagen ma akwai tsani, kuma in ka hau mataki ɗaya ba a dawo da kai ƙasa don wani kati ya faɗo ba daidai ba. In kuma karawar ce kake so, ga dara nan, ga kokawa, ga ƙwallon unguwa da yamma. Ka ci abokinka, a yi dariya, kowa ya koma gida da kuɗinsa a aljihu.

Ku kuma iyaye da yayye, in yaro ya zo ya faɗa muku gaskiya, kada duka da gori su zama amsa ta farko. Wanda aka kunyata a tsakar gida ba zai sake faɗa ba, waya zai koma ya nemi ramuwa a ɓoye. A biya bashin da za a iya biya kai tsaye ga masu shi, kada a damƙa masa kuɗin a hannu, a kuma sa ido a kansa da tausayi.

Allah ya tsare mana samarinmu da 'yan matanmu, ya ba mu halal mai albarka.